Kafin a yi mana alkawarin zuwa taurari, a fara raba injinan tukuna

Duk bayan 'yan watanni sai an sake yaɗo labarin nan a Facebook da WhatsApp, wai masana sun ƙera injin da zai kai ɗan adam wani tauraro cikin sati biyu, ko wai NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka, ta gano injin da ba ya shan mai kwata-kwata, a manna hoton wani kumbo mai walƙiya wanda kowa ya san kwamfuta ce ta zana shi, jama'a su yi ta turawa. Wasu su ce ai duk ƙaryar Turawa ce dama ko wata ba a taɓa zuwa ba, wasu kuma su ce an gama komai saura a fara sayar da tikiti. Ni dai a ganina duka ɓangarorin biyu abu ɗaya ne ya ruɗe su, sun zuba injinan kumbo gaba ɗaya a wuri guda, wanda yake aiki yau, da wanda aka gwada a ƙasa aka ajiye, da wanda bai wuce zane a takarda ba, da wanda ma ilimin kimiyyar kansa bai yarda zai yiwu ba. In aka jera su haka sai mutum ya ɗauka na ƙarshen ma layi kawai yake jira ya zo kansa, alhali ba haka abin yake ba.

Nisan ne mutane ba sa kamawa. Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, daga rana zuwa nan minti takwas da 'yan daƙiƙu yake yi. Tauraro mafi kusa da ranarmu shi ne Proxima Centauri, kuma hasken da kansa sai ya yi shekara 4 da kusan wata uku kafin ya iso mana daga can, wato wajen kilomita tiriliyan 40 kenan. Abin da ɗan adam ya taɓa harbawa da ya fi komai nisa shi ne Voyager 1, wanda Amurka ta harba a watan Satumba na 1977, yana gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, ya wuce kilomita biliyan 24 daga nan, saƙon rediyo sai ya yi fiye da awa 23 kafin ya same shi. To wannan kumbon, da a ce Proxima ya nufa (ba can ya nufa ba ma), sai ya haura shekara 70,000 a hanya. Duk wanda zai yi mana maganar injin zuwa taurari da wannan lissafin zai fara kokawa.

In ana so a raba injinan, tambaya biyu za a yi wa kowanne. Daga ina yake samun ƙarfi, sannan me yake jefarwa ta baya. Domin a sararin samaniya babu titi da taya za ta kama, babu iska da farfela za ta tura, in kana so ka yi gaba dole ka wurga wani abu baya, iya saurin da ka wurga shi da yawansa iya gudun da za ka samu. Wani malamin makaranta ɗan Rasha, Konstantin Tsiolkovsky, wanda ko ji sosai ba ya yi, shi ya rubuta lissafin abin a 1903, shekarar da jirgin sama na farko ya tashi. Lissafin nasa mugu ne. Abin da yake cewa a taƙaice, man da za ka ƙona gobe ai yau kana ɗauke da shi, kuma ɗaukar tasa ma mai take ci. Irin matsalar ayarin gishiri masu ratsa Tenere daga Agadas zuwa Bilma ce, babu ciyawa a hanya dole raƙumi ya ɗauki abincinsa, in tafiyar ta ƙara tsawo sai ka ƙara raƙuman da aikinsu ɗaukar ciyawa ne kawai, su ma kuma ci za su yi, har ka kai inda duk ayarin ciyawa ce babu wajen ɗora gishiri.

Rokar da muka sani, mai wuta da hayaƙi, sinadarai take ƙonawa. Ana haɗa mai da iskar oksijin da aka sanyaya ta zama ruwa, a kunna, tururin ya fita da ƙarfi ta ƙasa. Man ma wani lokacin ba baƙon abu ba ne, matakin farko na rokar Saturn V da ta kai mutane wata a 1969 tataccen kananzir take sha, Falcon 9 ta SpaceX ma haka, ita kuma Starship iskar gas ta mitan. Mafi kyawun haɗin da ake amfani da shi shi ne haidirojin da oksijin, tururinsa yana fita da gudun kusan kilomita 4.4 a daƙiƙa, kuma nan ne iyakar, ba wai injiniyoyi ne suka gaza ba, ƙarfin da ke cikin sinadaran kenan. Shi ya sa Saturn V take da nauyin kusan tan 2,900 a ƙasa amma ɗan ɗakin da ya dawo da mutum uku bai kai tan 6 ba. Duk da haka ba na raina ta, domin har yau ita kaɗai ce take iya ɗaga kaya daga doron ƙasa ta kai su gudun kusan kilomita 8 a daƙiƙa da ake buƙata don a zauna ana kewaya duniya. Duk sauran injinan da zan ambata sai ta goya su ta kai su sama tukuna.

Amma zuwa tauraro da ita kam a manta. A lissafin Tsiolkovsky, duk lokacin da kake son ƙarin gudu daidai da gudun tururinka, sai nauyin kumbon gaba ɗaya ya ninku kusan sau 2.7. Ka ce kana son kashi 1 cikin 100 na gudun haske kawai, wanda shi ma sai ka yi fiye da shekara 400 a hanya, man da za ka ɗauka lambarsa 1 ce da sifiri kusan 300 a bayanta. Ƙwayoyin zarran da ke cikin duk sammai da muke iya hangowa, ƙiyasinsu 1 ne da sifiri 80. Wannan ba maganar kuɗi ba ce ko ta fasaha, babu man ne kawai.

Wani zai ce to ya Voyager ta yi? Aro ta yi. Ta bi ta gefen Jupita da Satun ta ɗan tsakuri gudunsu, ƙarfin jansu ya wulwula ta ya cilla gaba, kuma an yi sa'a ne a lokacin manyan duniyoyin sun jeru irin jeruwar da sai bayan kusan shekara 175 ake samu. Haka kumbon binciken rana Parker Solar Probe da aka harba a 2018, wanda a Disambar 2024 ya kai gudun kusan kilomita 190 a daƙiƙa, babu abin da ɗan adam ya ƙera da ya taɓa kai haka, amma faɗawa yake yi wajen rana shi ya sa, da ya juyo gudun sai ya zube. Wani abin da nake yawan gani ana ruɗewa a kai kuma, ana cewa Voyager injin nukiliya gare ta. A'a, fulutoniyom ɗin da ke jikinta lantarki yake ba na'urorinta, ba ya tura ta ko taku ɗaya.

Injin da ni ya fi burge ni shi ne na lantarki, wanda ake kira injin ayon, kuma shi ne wanda ba a cika yi masa talla ba don ba shi da wuta ba shi da ƙara. Ana ɗaukar iska irin zenon, a cire wa ƙwayoyinta wani ɓangare su zama masu caji, sai lantarki ya fizge su ya harba su baya da gudun kilomita 30 ko fiye a daƙiƙa, kusan ninki bakwai na rokar wuta. Sai dai turin nasa kamar wasa, na kumbon Dawn da aka harba a 2007 bai fi nauyin fallen takarda a tafin hannu ba. Amma ba ya tsayawa, wata da watanni yana turi, kuma da zenon kilo 425 Dawn ya je ya kewaya Vesta, wani ƙaton dutsen sararin samaniya, a 2011, ya tashi daga can ya je ya kewaya wata 'yar ƙaramar duniya Ceres a 2015, abin da wani kumbo bai taɓa yi ba kafin shi. Japan ma da irinsa kumbon Hayabusa ya je wani dutsen sararin samaniya ya dawo da ƙurarsa a 2010. Kuma ba sai mun je nesa ba, taurarin ɗan adam na Starlink da mutane suka fara kama intanet da su a Najeriya tun 2023, da irin wannan injin suke hawa su gyara zamansu, na farko da iskar kiripton, sababbin da argon. Wannan inji ne na gaskiya mai aiki kullum. To amma a saka shi a lissafin ɗazu, kashi 1 cikin 100 na gudun haske, man da zai buƙata ya fi nauyin duniyarmu nesa ba kusa ba. Ga kuma matsalar lantarkin, hasken rana yake dogaro da shi, a Jupita kuwa hasken ya ragu kusan sau 27 a kan na nan.

Daga nan sai nukiliya, kuma nan ne haushina yake. Injin nukiliya mai ɗumama haidirojin ba tatsuniya ba ne, Amurka ta ƙera shi ta kunna shi a hamadar Nevada a shekarun 1960 a shirin NERVA, ya yi aiki, tururinsa ya kusa ninka na rokar sinadarai sau biyu. A 1973 aka soke shirin, ba don ya ƙi aiki ba, kasafin kuɗi ne ya ƙare bayan an ci tseren zuwa wata. A 2023 NASA da ma'aikatar binciken sojan Amurka suka ce za su harba irinsa mai suna DRACO, a 2025 shi ma aka soke. Na san tsoron yana da dalili, a Janairun 1978 wani tauraron ɗan adam na Tarayyar Sobiyet mai ɗauke da tukunyar nukiliya, Kosmos 954, ya faɗo ya watsa guba a arewacin Kanada, ba wanda yake son a maimaita. Amma injin da zai rage wa mutum watannin zama cikin mugun tiririn radiyeshon na sararin samaniya a hanyar Mars, an bar shi fiye da shekara 50 a ajiye, ana ta zana hotunan injin naɗe sarari da zan yi maganarsa a gaba. Shi ma fa ba zai kai kowa tauraro ba, na zirga-zirga cikin gidan ranarmu ne.

Masu maganar tauraro da gaske, waɗanda suka zauna suka yi lissafi ba masu zane ba, abin da suka fito da shi yana da ban tsoro. Akwai shirin Orion da aka fara a 1958, dabararsa a riƙa jefa ƙananan bama-baman nukiliya a bayan kumbo suna fashewa ɗaya bayan ɗaya, wani ƙaton faranti yana karɓar dukan. Ba wasa suke yi ba, manyan masana ne irin su Freeman Dyson, kuma shi Dyson ya lissafa a 1968 cewa da bama-bamai 300,000 za a iya kai kusan kashi 3 cikin 100 na gudun haske, a isa cikin shekara 130 da wani abu. Yarjejeniyar 1963 da ta hana gwajin nukiliya a iska da sararin samaniya ce ta karya shirin, kuma ni kam ban ga laifinta ba, wa zai yarda wata ƙasa ta tara bam dubu ɗari uku a saman kansa ta ce ai na tafiya ne. Sai Daedalus, wanda wata ƙungiyar masana a Ingila ta zana tsakanin 1973 da 1978, kumbo mai tan 54,000, tan 50,000 duk mai ne, zai yi amfani da haɗe ƙwayoyin zarra irin yadda rana take yi, ya kai kashi 12 cikin 100 na gudun haske, ya isa tauraron Barnard cikin kusan shekara 50. Man nasa akwai wani nau'in hiliyom da kusan babu shi a duniya, sai suka ce a je a tato shi daga iskar Jupita. Babu mutum a ciki, kuma ba zai tsaya ba, wucewa kawai zai yi yana ɗaukar hoto.

Wannan rashin tsayawar shi ma abu ne da masu yaɗa labari ba sa faɗa. Babu birki a can. In ka ƙona mai ka kai wani gudu, sai ka ƙona wani ka rage shi, kuma man birkin tun daga gida ka ɗauko shi, don haka lissafin ninka kansa yake yi. Shi kansa haɗe ƙwayoyin zarrar a nan ƙasa ma ba mu gama da shi ba. A Disambar 2022 wani ɗakin gwaji a Kalifoniya ya samu ƙarfin da ya fito ya fi wanda hasken leza ya shigar, aka yi ta murna kuma an cancanci murnar, amma lantarkin da na'urorin lezar suka sha daga bango ya ninka abin da aka samu kusan sau 100. Daga nan zuwa injin da za a ɗora a kumbo ya yi shekaru yana aiki ba mai gyara shi, akwai tafiya.

Antimata kuma, wato kishiyar ƙwayar zarra, gaskiya ce akwai ta, ana haɗa ta a cibiyar binciken CERN da ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, in ta haɗu da ƙwaya ta yau da kullum duka biyun sai su ɓace su zama tsantsar makamashi, babu man da ya fi ta a takarda. Amma duk wadda aka taɓa haɗawa ba ta kai kashi ɗaya cikin miliyan na giram ba, kuma ajiyarta bala'i ce tunda duk mazubin da ta taɓa shikenan. A 2011 da aka riƙe 'yan ƙwayoyi na tsawon daƙiƙa 1,000 sai da ya zama labarin duniya.

Hanya ɗaya ce nake ganin tana da ƙamshin yiwuwa, ita ce a bar man a gida. Haske yana da ɗan turi, kaɗan ne sosai amma akwai, in ka shimfiɗa tantani mai sheƙi siriri ƙwarai a sararin samaniya hasken rana zai tura shi. An gwada, Japan ta harba IKAROS a 2010 ya wuce ta gefen Zuhura, wata ƙungiya mai zaman kanta a Amurka ta harba LightSail 2 a 2019. A kan haka ne attajirin nan ɗan asalin Rasha Yuri Milner tare da masanin kimiyya Stephen Hawking suka sanar da shirin Breakthrough Starshot a 2016, da alkawarin dala miliyan 100 na bincike. Dabarar ita ce kumbo ɗan mitsitsi mai nauyin 'yan giram, a maƙala masa tantani, a haska shi da leza daga ƙasa na 'yan mintuna har ya kai kashi 20 cikin 100 na gudun haske, ya isa cikin kusan shekara 20, hoton da zai aiko ya ƙara shekara 4 da ɗoriya. Babu dokar kimiyya da wannan ya karya. Sai dai lezar tana son megawat 100,000, alhali wutar da ake rabawa Najeriya gaba ɗaya yawanci tsakanin megawat 4,000 ne zuwa 5,000, sannan a samo tantanin da ba zai narke ba, sannan abu mai nauyin giram ya iya aiko saƙo daga kilomita tiriliyan 40, sannan kada ya yi karo da ƙura a hanya, don a wannan gudun ƙwayar ƙura ma harsashi ce. In ya isa kuma, nisan da ke tsakaninmu da rana cikin minti 40 da kaɗan zai keta shi ya wuce. Shirin ma kwanan nan an daina jin ɗuriyarsa. Duk da haka in aka ce in zaɓi wanda jikokinmu za su iya gani, shi zan nuna.

Amma fa na'ura ce ba mutum ba. Kilo ɗaya kacal in za ka kai shi kashi 10 cikin 100 na gudun haske, makamashin da yake ɗauke da shi ya kai na bam ɗin Hiroshima kusan bakwai. Yanzu ka lissafa mutane da ruwansu da abincinsu da iskar shaƙarsu da katangar kare su na shekara arba'in.

Saura rukunin da ya fi cika wayoyinmu, wanda ni ba na ma kiransa inji. Akwai EmDrive, wani ƙoƙon tagulla da aka ce in an cusa masa igiyar lantarki zai yi gaba ba tare da ya jefar da komai ba. Wasu ma'aikatan NASA sun buga takarda a 2016 sun ce sun ga ɗan turi, duniya ta ɗauka, sai masana a jami'ar Dresden ta Jamus suka sake gwajin da ma'auni mafi kyau, a 2021 suka nuna zafi ne yake ɗan motsa ma'aunin, turin babu shi. Labarin farko kowa ya tura, na biyun ban ga wanda ya tura ba. Sai injin naɗe sarari, wanda ya samo asali daga takardar wani masani ɗan Meziko, Miguel Alcubierre, a 1994. Mutumin bai yi ƙarya ba, ya nuna lissafin Einstein bai hana a matse sarari ta gaba a buɗe shi ta baya ba, amma sai an samu wani irin makamashi mai ƙasa da sifiri da yawan gaske, abin da babu wanda ya san inda zai ɗebo shi. Lissafi ne mai kyau na masana, ba zanen inji ba ne, kuma duk wanda ya saka shi a layi ɗaya da injin Dawn ya ce wannan na yau ne wancan na gobe, ya yaudari mai karatu ko da bai yi niyya ba.

Don haka masu rubuta mana labarin kimiyya da Hausa, don Allah in za a kawo sabon inji a faɗa mana ya taɓa tashi, ko a ƙasa aka kunna shi, ko a takarda yake, sannan me yake jefarwa baya kuma da wane gudu. In babu amsar waɗannan to hoto ne kawai. Su kuma ƙasashen da suke da kuɗin, da ni ne da tukunyar nukiliya mai ba injin ayon lantarki zan fara, domin shi ne zai buɗe hanyar duniyoyin nesa inda hasken rana ba ya isa, kuma duka ɓangarorin biyu an riga an san yadda ake yin su. Yuranus da Naftun, da suke nan cikin gidan ranarmu, kumbo ɗaya ne ya taɓa zuwa kusa da su, Voyager 2, a 1986 da 1989, shi ma wucewa ya yi, kuma tun daga lokacin ba a sake aika komai ba.